Darasin kiɗa a lakol: daga gangar noma ta Yauri zuwa kiɗan sauran al'ummun duniya

Yaron da ya tashi a ƙaramar hukumar Yauri, cikin gundumar Kance ta jahar Damagaram, yana shiga lakol ne da kunnuwa cike da kiɗa. Ya ji waƙar reno tun yana goye, ya ji luguden mata a bakin turmi, ya ji kalangu ranar biki da ganga a filin kokowa, ya ji bege a lokacin Maulidi. A wayar salular yayansa kuma akwai waƙoƙin fina-finan Kano da na Indiya da gitar Abzinawa. Duk wannan ilimi ne, amma da wuya a tambaye shi komai a kansa cikin aji. Me ake nufi da koyar da ɗalibai kiɗa da matsayinsa a al'adu daban-daban, mene ne amfaninsa, kuma ta ina malamin ƙauye zai fara?

Abin da ake yi a aji a yau

A makarantun firamare na Nijar akwai lokacin rera waƙa a jadawalin mako. Mushe ya rubuta baitoci a allo, yara su haddace, su rera tare, galibi da Faransanci. Ana kuma koyar da taken ƙasa, wanda aka sauya a watan Yunin 2023, bayan ƙasar ta shafe fiye da shekara 60 da tsohon taken da Turawan Faransa suka tsara a 1961. Wannan yana da amfaninsa: yana saba wa yara da haɗa murya, yana kuma sanyaya aji bayan darasin lissafi.

Sai dai rera waƙa daban, sanin waƙa daban. Ɗalibi zai iya gama firamare da kwaleji bai taɓa jin an yi masa bayanin dalilin da ya sa ake busa kakaki ga sarki kaɗai ba, ko me ya sa makaɗin mahauta ya bambanta da na maƙera, ko yadda aka yi goge na Hausawa ya yi kama da abin kiɗan matan Abzinawa. A mafi yawan makarantun karkara babu malamin da aka horar musamman a wannan fanni, babu kayan kiɗa, babu littafi. Ga shi kuma tun watan Maris na 2025 dokar ƙolin da ke tafiyar da ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshe kuwa ba ya shiga makaranta shi kaɗai. Yana zuwa da adabinsa, kuma babban kaso na adabin Hausa a bakin mawaƙa yake. A jahar Damagaram wannan ba sabon zance ba ne, domin a birnin Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973.

Tambaya ta farko: mene ne kiɗa?

Bature yana da kalma guda da ta tattara komai, wadda muka ara muka ce musika. Bahaushe ya rarraba abin: akwai kiɗa, akwai busa, akwai waƙa, akwai rawa, akwai kirari da take da roƙo, kowanne da sunansa da mai yinsa. A harshen Suwahili na gabashin Afirka kuma kalmar ngoma ita ce ganga, ita ce rawa, ita ce taron da ake yin su. Daga nan ɗalibi zai fara gane cewa kowace al'umma ita ke shata iyakar abin da take kira kiɗa.

Misalin da ya fi kusa shi ne kiran salla da karatun Alƙur'ani. Baƙon da bai san Musulunci ba, idan ya ji ladan ko alaramma, zai iya cewa waƙa ake yi, tunda akwai hawa da saukar murya. Musulmi kuwa ba zai taɓa kiransu waƙa ba. Kunne ɗaya ne, amma ma'anar ta bambanta. Yaron da ya fahimci wannan a kan addininsa zai yi saurin fahimtar cewa shi ma idan ya ji sautin wasu mutane, bai kamata ya yanke hukunci ba sai ya tambayi yadda su masu abin suke kallonsa.

Duk da wannan bambanci, akwai abin da ya haɗa ƴan Adam. A 2019 wasu masu bincike na jami'ar Harvard ta Amurka sun duba bayanan da aka tara a kan al'ummu 315 na sassan duniya, suka tarar babu ko ɗaya da ba ta da waƙa. Sun kuma lura cewa mutum yakan iya gane waƙar rawa ko waƙar reno ko da bai san harshen da aka yi ta ba. Abin kuma ya daɗe: a wani kogo da ke kudancin Jamus an tono sarewar ƙashin ungulu da ta haura shekara 35,000. Ke nan uwar da ke lallashin ɗanta a Yauri da wadda ke yin haka a Sin ko a Brazil aiki ɗaya suke yi, kowace da muryar gidansu.

A ƙasar Hausa kowane kiɗa da mai shi

Hanya mafi sauƙi ta koyar da matsayin kiɗa ita ce a saba wa ɗalibi da tambayoyi huɗu duk lokacin da ya ji wani sauti: wa ke yi, wa ake yi wa, yaushe ake yi, kuma wane aiki yake yi? Ƙasar Hausa wuri ne mai kyau na gwada waɗannan tambayoyi, domin a al'adance kusan kowace sana'a tana da makaɗanta.

Manoma suna da gangar noma. A ranar gayya, lokacin da samarin gari suka taru a gonar mutum ɗaya, makaɗi yana bin su kunya-kunya yana kiran taken kowa, mai rauni ya ji kunya ya ƙara himma, hauya ta riƙa sauka tare. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, maharba suna da komo. Ƴan dambe da ƴan kokowa ba sa shiga fili sai an kaɗa musu take, kuma duk wanda ya taɓa kallon gasar takobin kokowa ta ƙasa, wadda ake yi tun 1975, ya san yadda murya irin ta Sagalo ke sa ɗan kokowa tsuma. Mata suna da kiɗan ƙwarya da amada da shantu, suna da waƙar daka da ta niƙa, inda sau da yawa mace ke faɗin abin da ke ranta game da kishiya ko uwar miji ba tare da ta kama suna ba. Ƴan mata suna da gaɗa a dandali, yara suna da tashe a watan azumi.

Sai kuma fada. Tambari da kakaki da algaita kayan sarauta ne, a fadar Sarkin Damagaram da ta Kance da ta Daura da ke tsallaken iyaka. Attajiri komai dukiyarsa ba a busa masa kakaki. Tarihin Kano ya danganta shigowar kakaki da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Mawaƙan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo a Damagaram, da Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Sakkwato, suna riƙe da jerin sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu da zuriyarsu, abin da malamin tarihi zai iya ɗorawa a kai. Suna kuma da zambo da habaici, waɗanda a da su ne hanyar da ake jan kunnen mai mulki ko a kunyata abokin hamayyarsa a bainar jama'a.

Kalangu shi kaɗai ya isa darasi guda. Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka na itace da kuka na hawaye da hawa da saukar murya ake bambanta su, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Makaɗi yana matse tsarkiyar kalangu a hammatarsa, fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauka. Da haka yake bin karin maganar mutum har mai saurare ya ji an kira takensa ba tare da an buɗe baki ba. Yarabawa suna yin haka da dundun, Dagombawan Gana da lunga, Wolof na Senegal da tama. A cikin minti talatin ɗalibi ya koyi nahawun harshensa, ya koyi kimiyyar sauti, ya kuma leƙa ƙasashe uku.

Daga maƙwabta ake fara sanin duniya

Ba sai an je Turai ba kafin a yi maganar al'adu daban-daban. Nijar kanta ta ishi malami. Goge na Hausawa, mai tsarkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, yana da ɗan'uwa a wurin Zabarmawa da kuma a wurin Abzinawa, inda ake kiransa imzad. Amma ga bambanci: a ƙasar Hausa galibi maza ne ke goge, kuma an fi danganta shi da bori da wuraren shaƙatawa, alhali a wurin Abzinawa mata ne ke kaɗa imzad, kuma abin girmamawa ne da maza ke zama su saurara cikin natsuwa. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya imzad cikin jerin al'adun da duniya ta gada, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Abin kiɗa iri ɗaya, matsayi daban. Wannan shi ne zuciyar darasin gaba ɗaya.

Haka turmi. Bahaushiya tana fitar da kiɗa daga turmi da taɓarya tana cikin aiki. Ba'abziniya tana ɗaure bakin turmi da fatar akuya ya zama ganga, wato tende. Fulani makiyaya suna da sarewa, Wodaabe kuma a bikin gerewol muryoyi da tafi ne ginshiƙin waƙarsu. Zabarmawa suna da jasare masu kaɗa molo suna ba da tarihin jarumai. Barebari sun shahara da algaita da manyan ganguna. A 2004 wasu matasa Abzinawa da Wodaabe suka haɗu suka kafa ƙungiyar Etran Finatawa, suka zagaya duniya da kiɗan da ya gauraya na al'ummun biyu.

Irin wannan sani yana da amfani a zaman yau da kullum. A kasuwannin yankin Matamaye manomi da makiyayi suna cin kasuwa ɗaya, wani lokaci kuma suna samun saɓani a kan gona da burtali. Yaron da aka koya wa sauraron sarewar Bafulatani da neman ma'anarta ya rage ɗaukarsa baƙo. Nijar tana alfahari da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta amince da shi a 2014. Darasin kiɗa yana iya zama abokin tafiyarsa.

Kayan kiɗa ma matafiya ne

Daga maƙwabta sai a miƙa zuwa nesa, ta hanyar bin sawun kayan kiɗan kansu. Sunan algaita daga Larabci ya zo, kuma ana busa irinta a Maroko da Aljeriya, tana da dangi har Turkiyya da Indiya. Ta ratso Sahara tare da ayarin fatake, kamar yadda takarda da alkyabba suka ratso. Mai busa ta yana shaƙar iska ta hanci yana fitarwa ta baki a lokaci ɗaya, kumatunsa a cike, shi ya sa sautin ba ya yankewa.

Akwai kuma abin da ya tafi daga nan zuwa can. Bayin da aka kai arewacin Afirka sun tafi da kiɗansu: a birnin Tunis akwai kiɗan stambeli, wanda ɗaya daga cikin gidajensa ake kira Dar Barnu, kuma har yanzu ana tsintar kalmomin Hausa da na Barbarci a waƙoƙinsa. A Amurka masana sun gano cewa banjo ta samo asali ne daga kayan kiɗan ƙwarya masu tsarkiya na Afirka ta Yamma, dangin gurumi da molo, irin su akonting na ƙabilar Jola a Senegal da Gambiya. Ana iya ba da tarihin cinikin bayi da na ayari ta wannan hanya, kuma yara ba za su manta ba.

Tafiyar ba ta tsaya ba. Fina-finan Indiya da aka daɗe ana kallo a sinimomin Kano da sauran birane sun bar tasiri a kunnen Hausawa, har masu bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙinsu suna ɗora yabon Annabi a kai, daga baya kuma waƙoƙin fina-finan Hausa suka bi wannan hanya. Gitar Turawa ta faɗa hannun Abzinawa, ta koma Turai da Amurka a hannun Bombino da Mdou Moctar da wani sabon sauti. Ɗalibin da ya san wannan ba zai ruɗu da masu cewa kiɗan gargajiya bai taɓa canzawa ba, ba kuma zai yarda da masu cewa duk abin da ya zo daga waje ya fi na gida ba.

Masana sun sauƙaƙa kwatanta kayan kiɗan duniya. Tun 1914 wasu masana biyu, Hornbostel da Sachs, suka raba su gida huɗu bisa ga abin da ke girgiza ya ba da sauti: masu fata kamar ganga da kotso, masu tsarkiya kamar goge da garaya, na busa kamar kakaki da sarewa, da waɗanda jikinsu ne ke ƙara kamar ƙwarya da kuge da caki. Da wannan ma'auni yaro zai iya ajiye kuntigin Ɗan Maraya Jos a gida ɗaya da gitar Sipaniya, ya ga ashe ƴan ɗaki ɗaya ne.

Darasin Malam Maman Barka

Dalilin gaggawa yana cikin labarin wani ɗan jahar Damagaram. Malam Maman Barka, haifaffen Tasker daga ƙabilar Tubawa, malamin makaranta ne kafin ya yi suna da gurumi a Nijar da Nijeriya. A 2002, da tallafin UNESCO, ya tafi gaɓar tafkin Chadi wurin wani dattijo mai suna Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe a kiɗan biram. Biram abin kiɗa ne na Buduma masunta, mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa, kuma mai tsarki ne a wurinsu. Matasan yankin sun juya masa baya. Dattijon ya koya wa baƙon, ya damƙa masa biram ɗinsa, bai daɗe ba ya rasu. Maman Barka ya kai wannan kiɗa Turai, ya fitar da faifai a 2009, shi ma ya rasu a watan Nuwamban 2018.

Abu biyu ne a cikin labarin. Na farko, kiɗa yana iya mutuwa da mutuwar mutum ɗaya. Na biyu, wanda ya cece shi ba ɗan ƙabilar ba ne. Malamin lakol ne da ya ɗauki al'adar wasu da muhimmanci. Abin da ya kusa samun biram yana iya samun kiɗan gida. Gayya ta ragu, gangar noma ta bi ta. A bukukuwa da dama na'urar sauti da katin waya sun maye gurbin makaɗa, saboda sun fi arha. Ƴaƴan makaɗa da yawa sun zaɓi wata sana'a ko sun tafi ci-rani. Idan tsohon makaɗi ya kwanta dama, yana tafiya da taken gidaje da na unguwanni da babu wanda ya rubuta.

Akwai cibiyoyin da ke ƙoƙari. A Yamai an kafa cibiyar horar da makaɗa ta CFPM Taya a 1989, inda aka tara kayan kiɗan gargajiya na sassan ƙasar, kuma masani Dakta Mahaman Garba, wanda ya yi digirinsa na uku a kan kiɗan Hausawan Nijar, ya yi aiki a can. Akwai gasar Ɗan Gurmu da aka fara don tunawa da mawaƙin Tawa. A Kano, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na jami'ar Bayero ya rubuta littattafai a kan makaɗan Hausa da hanyar nazarin waƙar baka, kuma a Nijeriya waƙar baka tana cikin abin da ɗaliban Hausa ke yin jarrabawa a kai. Amma Yamai tana da nisan kusan kilomita 900 daga Damagaram. Cibiya ɗaya a babban birni ba za ta ji abin da ke ɓacewa a kowane ƙauye ba. Makaranta ce kaɗai hukumar da ke da reshe kusan a ko'ina.

Damuwar iyaye

Duk malamin da zai fara wannan darasi zai gamu da tambayoyi biyu, kuma dukansu suna da tushe.

Ta farko ta shafi matsayi. A al'adar Hausa kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado, kuma ana yi mata kallon ƙasa-ƙasa, duk da cewa babu biki ko naɗin sarauta da ke armashi ba tare da ita ba. Uba zai ce bai kai ɗansa lakol don ya zama maroƙi ba. Amsar ita ce, nazarin abu daban yake da ɗaukarsa sana'a. Ana koya wa yaro yadda jini ke gudana a jiki ba don lalle ya zama likita ba. Shi kansa wannan kallo da ake yi wa makaɗa abin nazari ne: me ya sa al'ummar da ta haddace waƙoƙin Mamman Shata take jinkirin ba makaɗi aure? A Mali da Gini ma jeli gado ne, a wasu ƙasashen kuma iyaye kuɗi suke biya a koya wa ƴaƴansu kiɗa.

Ta biyu ta shafi addini. Malamai sun daɗe suna da saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma ba aikin lakol ba ne ta yanke wannan hukunci. Abin da tarihi ya nuna shi ne, malaman jihadin Sakkwato sun soki kiɗan bori da na cakuɗuwar maza da mata, amma su da kansu da waƙa suka karantar da jama'a. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Hausa da Fulatanci, jajis suka riƙa kai su ƙauyuka suna koya wa mata addini. Har gobe ana rera Ishiriniya a lokacin Maulidi, ɗaliban Islamiyya kuma da waƙa suke haddace darussa da yawa. Saboda haka malami yana da fili mai faɗi: waƙoƙin aiki, na reno, na tarihi, na wa'azi, na gaɗa. Ya nisanci batsa da zagi da waƙoƙin siyasar jam'iyya, kada ya tilasta wa kowane yaro rawa ko kaɗa abin da gidansu ba su yarda da shi ba, kuma ya fara da sanar da kwamitin iyayen yara da limami da mai gari abin da yake nufi. Shawara ɗaukar ɗaki ce.

Akwai ma ribar da iyaye ba su cika lura da ita ba. Ko an koyar ko ba a koyar ba, yara suna sauraron waƙoƙi a waya dare da rana. Wanda aka saba masa da tambayar wa ya yi wannan waƙa, wa ya biya, me take so in yi, ya fi iya tace abin da ke shiga kunnensa, ko waƙar soyayya ce ko ta ɗan takara a lokacin zaɓe.

Yadda za a yi ba tare da kuɗi ba

A ƙasar Hangari, mawaƙi Zoltan Kodaly da abokinsa Bela Bartok sun fara zagaya ƙauyuka tun wajen 1905 suna naɗar waƙoƙin manoma. Daga baya Kodaly ya gina tsarin koyarwa a kan ra'ayin cewa yaro ya fara da waƙoƙin harshen uwarsa, da muryarsa kawai, kafin ya wuce zuwa na wasu. Tsarin ya bazu a duniya, UNESCO ta yaba da shi a 2016. Bai buƙaci piyano ba, kuma wannan ya dace da ajin zana kamar yadda ya dace da na siminti.

Malami a Yauri zai iya raba shekara uku. A zangon farko, kowane ɗalibi ya je wurin kakarsa ko wani dattijo ya rubuto waƙar daka ko ta gaɗa ko taken gidansu, tare da amsar tambayoyin nan huɗu. A tara su a littafi guda da zai zauna a makaranta. A gayyato makaɗin gari sau ɗaya ya nuna yadda ake sassaƙa ganga da irin icen da fatar da ake zaɓa, a karrama shi kamar kowane baƙon malami, a ba shi goronsa. Idan za a naɗi muryarsa a waya, a nemi izininsa, a rubuta sunansa da ranar. Waƙa dukiyar mai ita ce, shi ya sa ƙasa ta kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA.

A zango na biyu a saurari maƙwabta: imzad, molo, sarewa, biram. Waya ɗaya da ƙaramar lasifika sun isa. A zango na uku a leƙa nesa, a sa waƙar reno ta wata nahiya kusa da ta gida, yara su faɗi inda suka yi kama da inda suka rabu. Za su lura, misali, cewa yawancin waƙoƙin gargajiya na Sahel a kan matakan sauti biyar suke tafiya, kamar na Habasha da na Sin, shi ya sa kunnenmu ke saurin karɓarsu. A lokacin aikin hannu kuma a ƙera sarewar kara, da kuntigin gwangwani, a gwada yadda gajeriyar tsarkiya ke ba da siririn sauti, doguwa ta ba da kauri.

Ƙa'ida ɗaya ce ba a sassautawa: ba a dariyar kiɗan kowa a aji. Abin da ya yi wa kunne baƙo, tambaya ake yi a kansa.

Sauran aiki na hukumomi ne: makarantun horar da malamai su ba wannan fanni lokaci, masu tsara manhaja su samar da ɗan littafin jagora da Hausa, gidajen rediyon al'umma su buɗe taskarsu ga makarantu. Amma zangon farko bai jiran kowa. Littafin rubutu ɗaya da alƙalami yake buƙata, da kuma tsofaffin da har yanzu suke zaune a zaurukan Yauri da Dungu da Kance, waɗanda suka san taken kowane gida.